Waƙa da Koken Samarin Karkara a Arewacin Kano

A ƙasashen Bichi da Ɗambatta, inda gona ta haɗe da gona, rabon gado ya tsattsaga filaye har saurayi ya rasa wurin noma, ga haraji a wuyansa, ga shi ba a jin ta bakinsa. Da aka kafa NEPU a Kano cikin 1950, sai waƙoƙin su Gambo Hawaja suka zama bakin irin waɗannan samari, domin abin da ba ya faɗuwa gaban dagaci yana reruwa a kasuwa. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji a 1979, amma ƙarancin gona bai gushe ba, koke kuwa bai ƙare ba. Don haka muke ɗaukar waƙa shaidar tarihin talakawa.