Saro-Wiwa Da Masu Bindiga: Wa Gwamnati Ta Saurara?



Kwanan baya muna zaune bayan sallar isha'i a majalisarmu ta Diobu, nan Fatakwal, ana ta ƙorafi a kan kuɗin da ake tatsar direbobinmu a hanya, sai wani yaro, ɗan abokina, ya ce, "Baba, ku daina wahalar da kanku da takardun koke. Ƙasar nan ba a jin maganar mai haƙuri. Ku dubi mutanen Neja Delta, ai sai da suka ɗauki bindiga aka kira su Abuja." Na tsawata masa, kamar yadda ya kamata babba ya yi. Amma da na koma gida maganar ta hana ni barci, don a garin nan nake lokacin da aka yi abin, kuma na san yaron ba duka ya yi ƙarya ba.

Tun 1956 aka samu mai a Oloibiri. Shekara goma bayan haka, ranar 23 ga Fabrairu 1966, wani saurayi Ijaw, tsohon ɗan sanda, Isaac Adaka Boro, ya tara samarin da ba su kai 200 ba ya ce sun ɓalle. Kwana 12 aka murƙushe su, aka yanke masa hukuncin kisa. Janar Gowon ya yafe masa, ya shiga yaƙin basasa a ɓangaren tarayya, a can ya mutu a 1968. Wasu kan ce shi ya jawo Jihar Ribas a 1967. Ni dai ina ganin Gowon ya yi jihar ne don ya raba Ojukwu da mai da kuma bakin teku.

Sai Ken Saro-Wiwa, marubuci, mutumin Ogoni. Shi alƙalami ya riƙe. A 1990 ƙungiyarsu ta MOSOP ta rubuta buƙatunta ta miƙa wa gwamnati: kason arzikin mai, gyaran ƙasar da ta lalace, da ikon tafiyar da al'amuransu. Ranar 4 ga Janairu 1993 mutum kusan 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, a ƙabilar da a lokacin ba ta wuce rabin miliyan ba. A shekarar nan Shell ya daina haƙar mai a ƙasar Ogoni. Jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a harba harsashi ko ɗaya ba aka same shi.

To amma me ya biyo baya? Sojoji suka shiga ƙauyukan Ogoni. A watan Mayu 1994 wasu gungun matasa suka kashe dattawan Ogoni huɗu a Gokana, waɗanda ake zargi da sassauci ga gwamnati. Saro-Wiwa ba ya wurin, amma shi aka kama. Kotun musamman ta gwamnatin Abacha ta yanke masa hukunci ba damar ɗaukaka ƙara, aka rataye shi da mutum takwas a gidan yarin garin nan ranar 10 ga Nuwamba 1995. A duba fa: jini ɗaya da ya zuba daga ɓangarensu, shi ya zama igiyar da aka rataye tafiyar gaba ɗaya. An dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, duniya ta yi ta Allah wadai, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Yaran da suka ga wannan su ne suka girma suka shiga ruwa da bindiga. Sun kuma ga Odi a Nuwamba 1999, inda aka kashe 'yan sanda 12, soja ya zo ya baje garin. Daga 2006 ƙungiyar MEND ta kama fasa bututu da sace Turawan kamfanoni, man da ake fitarwa ya yi ƙasa sosai, aljihun gwamnati ya ji a jika. Ranar 25 ga Yuni 2009 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah Ya jiƙansa, ya yi shelar afuwa. Mutum kusan 30,000 suka shiga shirin daga bisani, aka yanka wa kowanne naira 65,000 a wata, aka tura wasu karatu ƙasashen waje. Wanda ya rubuta takarda an rataye shi, wanda ya fasa bututu an sa masa albashi. In ka ce wa yaro bindiga ba ta aiki, da wannan zai ƙure ka, kuma laifin gwamnatocin da suka koyar da darasin ne.

Abin da ban iya faɗa masa a daren ba shi ne: aiki ga wa? Masu bindigar sun ce suna yaƙi ne don kason mai da ƙasar da ta gurɓace. Kashi 13 cikin 100 da jihohin mai ke karɓa yana cikin tsarin mulkin 1999, tun kafin MEND, kuma bai ƙaru ba bayanta. Hukumar NDDC ma tun 2000 take. Abin da ya sauya shi ne manyan kwamandoji sun zama 'yan kwangilar gadin bututun da suka fasa jiya. Masuncin da ruwansa ya mutu bai samu ko sisi ba, don ba shi da bindigar da zai miƙa.

Ɗan abin da talaka ya gani kuwa ta hanyar Saro-Wiwa ya zo, a hankali ƙwarai. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano cewa ruwan shan Nisisioken Ogale yana ɗauke da sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, ninki 900 a kan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, ya ce gyaran Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30. Mutanen Bodo suka kai Shell kotu a Landan, a 2015 ya amince ya biya fam miliyan 55. An ƙaddamar da aikin share ƙasar a 2016, yana tafiyar hawainiya. A Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya yi wa Saro-Wiwa da 'yan uwansa afuwa, shekara talatin bayan an rufe su.

Mu baƙi muna da namu lissafin. Bindiga in ta shigo gari ba ta tambayar don me aka sayo ta. A watan Agusta 2007 ƙungiyoyin 'yan daba suka yi kwanaki suna harbe-harbe a tsakiyar Fatakwal, har aka sa dokar hana fita da dare. Ba mu da rijiyar mai, ba mu cikin rigimar kowa, amma mun rufe rumfuna, motar tumatir ɗin da na sa kuɗina a ciki ta ruɓe a bakin gari don direba ya ƙi shigowa. Maigadi da mai shayi da mai faci, masu kwana a waje, su ne a gaba. Da aka zo rabon afuwa ba wanda ya tambaye mu me muka rasa.

Jiya na kira yaron na karanta masa wannan. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Baba, shekara talatin za mu jira ke nan?" Na ce masa ya zo ranar Asabar ya taya ni rubuta takardar, tunda ya fi ni Turanci. Ya ce zai duba.