'Yan Taru: Tarihin Ƙungiyar Ilimin Mata ta Nana Asma'u

'Yan Taru ƙungiya ce ta ilimantar da mata wadda Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta kafa a Daular Sakkwato a cikin shekarun 1830, domin kai ilimin addini da tarbiyya ga matan karkara waɗanda hidimar gida da nisan hanya suka hana su zuwa gaban malamai. Ƙungiyar ba ta da ginin makaranta ko baitulmali nata na kanta, domin ta dogara ne ga abubuwa uku: waƙoƙin da ake haddacewa, malamai mata masu yawo ƙauye-ƙauye, da ziyarar da ɗalibai ke kaiwa Sakkwato. Sauƙin wannan tsari shi ne ya sa ta daɗe fiye da daular da ta haife ta.

Asali da dalilin kafuwa

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a wajajen 1793, a cikin gidan da karatun mata ya zama al'ada, domin mahaifinta ya yi kakkausar suka a rubuce-rubucensa ga malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure amma su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga wahalhalun yaƙi da idonta, sannan ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato a zamanin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta haddace Alƙur'ani, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Yaƙe-yaƙen jihadi, tun daga faɗuwar Alƙalawa a 1808 har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836, sun bar ɗimbin zawarawa da marayu da fursunonin yaƙi mata, waɗanda aka zaunar a garuruwan ribaɗi da ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno. Da yawa daga cikinsu sun taso ne a ƙarƙashin tasirin bori, wato al'adar hawan iskoki da neman waraka ta hanyarsu, wadda a Gobir take da shugaba mai ƙarfin faɗa a ji da ake kira Inna. Nana Asma'u ta fahimci cewa hani kaɗai ba zai raba mace da abin da take samun kwanciyar hankali a cikinsa ba, sai an ba ta madadinsa, kuma tun da mata ne ke renon yara, jahilcinsu zai iya rushe duk abin da aka yi jihadi dominsa.

Jajoji da ɗalibansu

Ginshiƙin ƙungiyar shi ne jaji, wato dattijuwar da aka amince da iliminta da halinta, aka ɗora mata jagorancin matan yankinta. Nana Asma'u da kanta take naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa, wato faffaɗar hular da ake saƙawa da kaba, ta kuma naɗa mata jan rawani a kai. Malfa a da alama ce ta ikon Innar Gobir, saboda haka duk matar karkara da ta ga jaji sanye da ita ta san cewa tana gaban shugaba, sai dai yanzu shugabancin na ilimi ne.

Waɗanda ke bin jaji zuwa Sakkwato rukuni biyu ne: 'yan matan da ba su yi aure ba, da dattawan mata da suka wuce shekarun haihuwa, su kuwa matan aure masu goyo suna zaune a ɗakunansu har ilimin ya iske su. Wannan zaɓi ya kawar da ƙorafin mazaje game da fitar matansu, ya kuma haɗa tsohuwa mai hankali da yarinya mai kaifin hadda a tafiya ɗaya.

Ziyara da zaman karatu

Ayarin kan taso a ƙafa, jaji na gaba, ana tafe ana rera waƙoƙin da aka koya, kuma kowace mace na ɗauke da abin da ta samu na sadaka, kamar hatsi da zuma da man shanu da zaren da ta kaɗa da hannunta. Idan sun isa gidan Waziri sai a sauke su, a ba su ruwa da abinci, sannan su shiga ɗakin Nana Asma'u su zauna a gabanta. Kayan da suka kawo kuwa rarraba su take yi ga nakasassu da mabuƙata.

A zaman ana koyar da tauhidi, da yadda ake alwala da salla da azumi, da hukuncin tsarkin mata, da haƙƙin miji da na maƙwabci da na maraya, ana kuma sauraron matsalolin da matan suka zo da su daga ƙauyukansu a ba su fatawa ko shawara. Littattafan karatun su ne waƙoƙin Nana Asma'u: Sunago, wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani domin sauƙin hadda, Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta ambaci salihan mata tun daga matan Annabi har zuwa na zamaninta, da Godaben Gaskiya, wadda ke gargaɗi game da lahira. Waƙa ta dace da wannan aiki domin mace na iya maimaita ta tana daka ko tana kaɗi, ba tare da allo ko takarda ba. Ɗan'uwanta Isa ya taimaka da mayar da wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa, harshen da mafi yawan matan ke ji.

Idan ayari ya koma gida, jaji na bin gidaje tana karantar da matan kulle, tana sasanta masu saɓani, tana wanke gawar mata bisa sunna, tana kuma jagorantar sharar masallaci da kula da marasa lafiya. Darajar da Nana Asma'u ke ba waɗannan mata ta fito fili a marsiyyar da ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, kamar yadda ta yi wa manyan malamai da shugabanni.

Bayan rasuwarta

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryam ta gaji jagorancin, bayanta kuma wata mai suna Ta Modi ta ɗauka, sai Hubbaren Shehu ya zama matattarar ziyarar. Cin Sakkwato da Turawan Ingila suka yi a 1903 bai tsayar da aikin ba, domin babu ofis ko taskar da za a ƙwace, kuma mahukuntan mulkin mallaka ba su mai da hankali ga abin da ke gudana a cikin gidaje ba.

Duniya ta ƙara sanin ƙungiyar ta hanyar binciken Jean Boyd, wadda ta yi aiki da rubuce-rubucen da ke hannun Waziri Junaidu, ta wallafa tarihin Nana Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukan Nana Asma'u a 1997. A yau makarantu da dama a arewacin Najeriya na ɗauke da sunanta, ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, suna kallon ta a matsayin abin koyi, kuma wasu Musulmi mata a Amurka sun kafa da'irorin karatu da sunan 'Yan Taru. Tarihin ƙungiyar hujja ce ga masu fafutukar karatun 'ya'ya mata cewa aikin yana da tushe a cikin addini da al'adar ƙasar, kuma yana yin nasara idan aka tsara shi bisa yanayin rayuwar matan da ake son ilimantarwa.