Yadda Babbar Taya Ta Shigo Gonakin Kura, Shaf Ya Fara Tsinkewa

Tun da kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabi, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a garejojin Kwanar Dawaki da Tamburawa da Kura. Za a jawo Hilux da igiya daga cikin gonakin shinkafa, shaf ɗin gaba ya tsinke. Mai mota ya ce ƙarfen zamani ne babu albarka. Bakanike ya ce, "Alhaji, lodi ne ya yi yawa." Direba ya ɗora wa hanya. Mai shago a Ƙofar Ruwa kuma ya rantse nasa na asali ne. A da ba a tsayawa wannan musu, a canja kawai a wuce. Amma dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati cikin Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024, don haka yanzu duk ƙarfen da ya karye sai an nemo mai laifi. Ni a ganina mai laifin yana tsaye a gabansu suna yaba kyansa, wato ƙatuwar tayar da aka saka wa motar bayan an ɗaga ta sama.

Tarihin sufurin wannan yanki kafin zuwan mota ba shi da tsawo a rubuce. Jaki ne da takarkari da kan ɗan Adam. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, daga baya manyan motoci irin su Bedford suka fara bin hanyar Zariya. Amma duk wannan a kan babbar hanya ne. Cikin lungu, da damina, jakin ne dai sarki.

Motar farko da ta shiga lungun da gaske ita ce Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948 bisa koyi da jif ɗin sojan Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu. Ita ce motar Di'o da malamin gona da ma'aikatan En'e, kuma daga baya har haɗa ta aka riƙa yi a Ibadan. Tsofaffin direbobi suna tuna sandunanta: mai jan kai ta ƙaramar giya, da mai ruwan ɗorawa da ake dannawa ƙafafun gaba su kama. Abin da masu cewa ƙarfen da ya fi na yanzu suke mantawa shi ne Land Rover ta yi suna a duniya wajen karya shaf. Sai dai nata na baya ne yake tsinkewa, siriri ne mai haƙora goma, har direba mai hankali yakan ajiye guda a bayan kujera. In ya karye, a danna sanda mai ruwan ɗorawa a lallaɓo gida da ƙafafun gaba. Ke nan karyewar shaf ta girmi kayan Sin, ta girmi jabu.

Sai zamanin Gwamna Audu Baƙo. Aka gina madatsar Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa a farkon shekarun 1970, aka kammala madatsar Tiga a 1974, sannan aka kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976 ta karɓi ragamar aikin. An tsara kashin farko na shirin noman ranin ya kai kadada 22,000 a ƙasar da a yau take cikin Kura da Bunkure da Garun Malam. Wannan shi ne ya sauya komai game da mota a yankin, ko da yake ba a cika kallonsa ta nan ba. Kafin Tiga, taɓo na damina ne, wata huɗu ya wuce. Bayan Tiga sai ga ruwa a gona cikin Janairu da Maris, ga tumatir da alkama da albasa da dole a fitar da su a kan lokaci. Tumatir ba ya jira. Kwandon da aka tsinka yau, in bai isa kasuwar Kwanar Gafan ba gobe, ya fara zubar da ruwa. Hanyoyin da suka bi gefen magudanan kuwa na jar ƙasa ne, an yi su ne don motar ma'aikata da tarakta.

Motar da ta ɗauki wannan kaya shekara da shekaru ba mai jan ƙafa huɗu ba ce. Akori-kura ce ta Peugeot, 404 sannan 504, daga kamfanin da aka buɗe a Kaduna a 1975. Da ƙafar baya take ja, gabanta babu shaf sam, to me zai karye? In ta kafe a tura ta, ko a sa mata karan dawa a ƙarƙashin taya. Ana yi mata lodi har gindinta ya kusa taɓa ƙasa, a ƙara mata sifirin, ta tafi. Kayan gyaranta kuwa ko a kasuwar ƙauye ana samu. Ban taɓa jin wanda ya yi kewar rashin gudunta ko zafin cikinta ba, amma makanikai da yawa suna kewar sauƙinta.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ne ya fara karya wannan zamani. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin manomi da ɗan kasuwa, kamfanonin haɗa motoci suka shiga rashin lafiya, har da na manyan motoci da ke nan Kano da na Steyr a Bauchi. Kaduna ta yi ta jan 504 har wajen 2006, amma kasuwa ta riga ta koma hannun 'yan Beljiyam, wato motocin hannu da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano. A nan ne shaf ɗin gaba ya shigo gona ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce J5 da Golf, masu ja da ƙafar gaba, waɗanda aka ƙera don titunan Turai aka mai da su motocin kwanduna. Ta biyu ita ce Hilux mai ogzilari, wato mai jan ƙafa huɗu, motar manyan manoma da masu injin casar shinkafa da ma'aikatan ayyuka. A daidai wannan lokacin kuɗin kula da magudanai da hanyoyinsu ya ja baya. Ruwa ya riƙa tsallake gefen magudana yana kwanciya a hanya, tarakta ta bi ta haƙa kwari biyu ta bar tudu a tsakiya. Wannan tudun shi ne asalin babbar taya. Motar da ta bi sawun tarakta cikinta ne yake hawa tudu, ƙafafunta su yi ta juyi a banza. Magani mafi kusa shi ne a ɗaga ta a sa mata taya mai tsawo. Ba ado ne ya fara kawo ta ba, ko da yake yanzu ado ya shigo, musamman wajen samarin da suke son a ga motar maigidansu ta fi ta kowa tsayi.

To amma Hilux ɗin ma ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne nake ganin masu gardamar suke tsallake babi. Toyota ta fito da ita a 1968, mai jan ƙafa huɗu kuma a 1979. Waɗancan na farko gabansu ƙarfe ne guda ɗaya miƙaƙƙe daga wannan ƙafa zuwa waccan, shaf yana kwance a cikinsa a rufe, cikin mai da giris. Ko ka ɗaga motar, shaf yana nan a miƙe, ba ruwansa. A ƙasashe irin namu an ci gaba da sayar da wannan samfuri har 1997. Daga nan aka sauya: kowace ƙafar gaba ta zama mai cin gashin kanta, shaf biyu gajeru suka fito fili, kowanne da gaɓa biyu da aka lulluɓe da roba. An yi haka ne don laushin tafiya a kwalta, kuma ta yi laushin. Samfurin da ya fito daga 2004 zuwa 2005 ya ƙara wani abu. A tsofaffin akwai makulli a tsakiyar ƙafa da direba zai sauka ya murɗa da hannu kafin shaf ya fara aiki. A sababbin babu shi, shaf yana juyawa kullum, ko kana kan titin Zariya.

Ita gaɓar nan, wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1920. Ƙwallayen ƙarfe shida ne a cikin keji, suna ba shaf damar juyawa alhali yana lanƙwashe. Tana da ƙarfi in tana kusa da miƙe, tana raunana gwargwadon lanƙwasarta. Yanzu duba abin da ake yi a gareji. A sabon samfurin da ya fito a 1997 bakanike zai shiga ƙarƙashi ya ɗaure noti biyu, gaban mota ya tashi. A na baya-bayan nan sai a cusa wani zobe a saman sifirin. Jikin mota ya hau, ƙafa tana ƙasa, shaf ya koma a karkace dare da rana. Roba tana murzar kanta har ta tsage, giris ya fice ya yi baƙin feshi a cikin rim, ruwan gona da yashi su shiga. Bayan 'yan makonni ka ji ƙas-ƙas-ƙas in an karya kwana. Wannan ƙarar sallama ce.

Sannan ita kanta tayar. Wadda kamfani ya saka wa Hilux ta aiki, 205R16, tsayinta bai wuce inci 29 ba. In ka sa mai inci 33, ka ƙara kusan kashi 14 cikin ɗari a kan ƙarfin da shaf zai yi kafin ya juya ta, ban da nauyinta da kaifin haƙoranta. Kowane yaron gareji ya san in ya zura bututu a sifana don ya ƙara mata tsawo, notin da ya gagara zai kwance ko ya tsinke. Haka doguwar taya take yi wa shaf. Mafi yawan karyewar a yanayi ɗaya take faruwa: mota ta kafe da lodi, an sa ƙaramar giya, an murɗe sitiyari har ƙarshe, direba ya taka totur, taya tana ta wulwulawa a taɓo, kwatsam ta cafki busasshiyar ƙasa. Duk gudun da ta tara sai ya sauka a kan keji ɗaya. Ka ji ɗas.

Masu cewa jabu ne suna da tasu gaskiyar. Akwai shaf mai arha da ba ya shekara ko a kwalta, kuma ɗan Beljiyam ɗin da ake yabo ya riga ya ci rabin ransa a wata ƙasa. Amma jabu bai bayyana dalilin da na kamfani, wanda ya zo da motar, yake tsinkewa bayan an ɗaga ta ba. Masu cewa lodi ne su tuna nauyin Hilux a baya yake zama, abin da yake fara kashewa sifirin ne da boris da shaf ɗin baya. A J5 da Golf ne hujjarsu ta fi ƙarfi, don lodin baya yana ɗaga gaba, shaf ya ƙara karkacewa, wanda kuma maganata ce aka dawo gare ta. Masu cewa hanya ce na yarda da su rabi, tunda hanyar ce ta haifi tayar. Sai dai Land Cruiser samfurin 70, wadda ake yi tun 1984 kuma har yau gabanta miƙaƙƙe ne, tana bin irin waɗannan hanyoyi ba ta cika wannan kuka ba. Akwai kuma direban da yake fitowa daga gona ya hau kwalta bai cire ogzilari ba, ƙafar gaba da ta baya su yi ta ja-in-ja har wani abu ya saki. Wannan ba laifin ƙarfe ba ne.

Wasu sun fara neman shaf mai kauri na musamman. Lissafin yana tare da su, domin ƙarin kauri na kashi 10 cikin ɗari yana ƙara ƙarfin juriya da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma in shaf ya ƙi karyewa, ƙarfin ba ya ɓacewa, haƙoran aksul ne za su biya, su kuwa sun fi shi tsada nesa ba kusa ba.

Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya gyara magudanai da dama a yankin, kuma duk inda ruwa ya daina kwanciya a hanya hujjar doguwar taya ta ragu. Ga mai Hilux ɗin bayan 1997 da yake shiga gonakin Kura da Bunkure, shawarata ita ce kada ya wuce inci 31, kada ya bari a ɗaga gaban fiye da kima, ya sa yaro ya leƙa robar shaf duk ranar wanki, kuma ya gaya wa direbansa in mota ta kafe ya miƙe sitiyari, ya rage iska, ya sauke rabin kaya ko ya nemi tarakta. Wanda kuwa aikinsa ba ya yiwuwa sai da inci 33, to ba taya ce matsalarsa ba, motar ce ba ta aikin ba ce.