Kwabo: Asalin kalmar da ta fi kuɗinta daɗewa

A kasuwar Sara da ke ƙaramar hukumar Gwaram, ko a Birnin Kudu, da wuya a sami matashin da ya taɓa sayen wani abu da kwabo. Amma idan ciniki ya ƙi, sai a ji ɗan kasuwa yana cewa, "Yau ko sisin kwabo ban samu ba."

Kalmar ta samo asali ne daga "copper", wato jan ƙarfe a Turanci. Talakawan Ingila suka mayar da ita laƙabin peni, domin da jan ƙarfe ake ƙera shi. A 1860 aka koma ƙera shi da tagulla, amma laƙabin bai gushe ba. Ya kuma bi Turawa har Ostireliya, inda aka ci gaba da kashe peni har zuwa 1966, lokacin da ƙasar ta koma dala.

A ƙasashen biyu, kalmar tana nufin ɗan sanda kuma. Wannan ma'anar tushenta daban ne: daga "cop" take, wato cafkewa.

Da Turawan mulkin mallaka suka kawo tsabar kuɗinsu don maye gurbin wuri, sai sunan ya shiga bakin jama'a. Yarabawa suka ce "kọbọ", Hausawa suka ce kwabo. Abin mamaki shi ne, kwabon farko da aka buga wa Najeriya a 1907 ba ja ba ne. Fari ne mai huda a tsakiya. A lissafin wancan zamani, anini goma ne kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin kuma fam guda.

Ranar 1 ga Janairun 1973 Najeriya ta bar fam ta koma naira, kwabo ɗari ya zama naira ɗaya. Da haka laƙabin bakin titi ya zama sunan kuɗin ƙasa a hukumance.

A 2007 Babban Bankin Najeriya ya fitar da sabuwar tsabar kwabo 50, amma tsadar kaya ta hana ta tasiri. Yau kwabo ya rage ne a takardar albashi da saƙon banki, sai kuma a bakin mai rantsuwa cewa ba a bin sa ko kwabo.