Goyo, Jinya da Ƙasar da Aka Kwashe a Bagega

A yammacin Zamfara, kamar sauran ƙasar Hausa, ɗaukar marar lafiya tun asali aikin dangi ne. Yaro a bayan uwarsa yake zuwa wurin magani, an ɗaure shi da zani an ƙara da majanyi. Babba kuwa a da jaki ko amalanken shanu ke kai shi, daga baya babur, a sa shi tsakanin mai tuƙi da wani ɗan'uwa da zai rungume shi ta baya kada ya sulale. Ko an isa asibiti, mai jinya ce ke juya shi, ta tayar da shi zaune, ta raka shi makewayi. A Ingila tun 1992 akwai dokar da ta tsara ɗaga abu mai nauyi a wurin aiki, har da majinyata, kuma damuwarta ita ce bayan nas kada ya lalace, marar lafiya kada ya faɗi. Annobar gubar dalma da ta auka wa ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010 ta zo da tambayar da waccan doka ba ta tanada ba: yaron da aka ɗauko lafiya aka kai asibiti lafiya, ina za a sauke shi in an sallame shi? A ganina amsar da aka ba wannan tambaya ita ce ta ceci yaran, kuma ita ce mafi muhimmanci a tarihin jinya na wannan yanki.

Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya bayan 2008, manoma suka koma haƙa. Duwatsun da suke tonowa suna haɗe da dalma mai yawa, irin dutsen nan da ake niƙa tozali da shi. Ana kawo su cikin gida a farfasa, a niƙa da injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bibiyar sanƙarau suka tarar yara na mutuwa da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a shekara ɗaya, kuma a kusan kashi 70 cikin 100 na gidajen ana sarrafa duwatsun a cikin gida. Aƙalla yara 400 aka rasa a jihar.

Matakin farko shi ne wanda kowa zai ɗauka: a kwashe yaran a kai su asibitocin Bukkuyum da Anka, inda aka buɗe ɗakunan ba su maganin DMSA, wanda ke kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Kwanciyar farko ta kai kwana 28. Sai a auna abin da wannan ke nufi a ƙauye a farkon damina. Yaro ɗan shekara biyu ba ya kwana asibiti shi kaɗai, dole uwa ta bi shi da iznin maigida, ta bar sauran 'ya'ya da girki wata guda, ga hanyoyin da ruwa ke yankewa. Tafiyar kanta haɗari ce ga yaron da ke jijjiga, domin ƙa'ida ita ce a kwantar da shi ta gefe, kada a danne gaɓoɓinsa, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa a baki, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da sauƙi a bayan babur. Mafi muni, yaron da aka wanke wa jini in ya koma tsakar gidan da ya fito, hannunsa zai sake kai ƙura baki, aikin ya zama ɗiban ruwa a kwando. Don haka aka juya tsarin. Masarauta da hakimai suka sa a fitar da niƙan duwatsu daga cikin gari. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da samarin ƙauyukan, suka kankare saman ƙasar gidaje, kimanin santimita 5, suka loda a buhuna aka binne a ramuka, aka zubo sabuwa mai tsabta. Tsakanin Yunin 2010 da Maris na 2011 aka gama ƙauyuka bakwai: Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. Magani ya bi yara har ƙauyensu, ana sha kwana 19 a gida, asibiti ya zama na waɗanda ciwo ya tsananta.

Bagega, wadda ita ma gubar ta shafa, ta fi su girma, kuma kuɗi suka ƙare kafin a iso ta. Nan ne mai suka zai ce: ai wannan tsarin ne ya sa yara kusan 1,500 suka zauna jira ba magani, don likitoci sun ce sai an share ƙasa tukuna; da ba gara a ci gaba da jigilarsu Anka ba? Sukar tana da nauyi, domin dalma ba ta jira, kullum tana cin ƙwaƙwalwar yaro. Sai dai babu asibitin da zai ɗauki yara 1,500 da iyayensu mata, kuma ko da akwai, ƙarshen kowace kwanciya komawa gida ne. Jinkirin na gwamnati ne. A wani taro da aka yi a Abuja a Mayun 2012 aka yi maganar Naira miliyan 850 da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari, amma sai ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗi, bayan matsin lambar Human Rights Watch da gangamin ceto Bagega da Hamzat Lawal da abokansa suka jagoranta a intanet. Aikin da aka yi ta ja da shi shekara biyu ya kammalu cikin 'yan watanni, kuma tun kafin a gama MSF ta fara ba yaran unguwannin da aka share magani. Ga wanda zai ce a tayar da garin gaba ɗaya, kwashe santimita 5 na ƙasa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan raba dubban mutane da gonakinsu da rijiyoyinsu da kaburburan iyayensu.

Akwai kuma masu ɗora laifi a kan al'ada, su ce kulle ne ya shigo da aikin cikin gida, goyo kuma ya manna jariri da ƙurar da ke zanin uwa. Gaskiya ne ƙura na bin tufafi, kuma dalma na ratsawa daga jinin mai ciki zuwa ɗan tayi. Amma mata sun shekara ɗaruruwa suna daka da surfe da goyo a bayansu ba tare da kaburburan yara sun cika ba. Abin da ya sauya shi ne abin da aka zuba a turmi. Hanyar da dalma ta fi shiga jikin yaro ita ce daga ƙasa zuwa hannu zuwa baki, saboda haka yaron da ke goye ya fi mai rarrafe nisa da ita.

Inda aka gaza shi ne bayan ceton. Dalmar da ta taɓa ƙwaƙwalwa tana barin tabo na har abada, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda suka makance ko suka kasa tafiya. Waɗanda aka haifa a wancan lokaci yanzu sun zama samari da 'yan mata, sun wuce goyo, amma uwa ce dai ke cicciɓarsu daga tabarma. A nan ilimin asibitocin Ingila yake da amfani ko babu na'ura: a durƙusa da gwiwa maimakon sunkuyawa da baya, a manna wanda ake ɗauka da jiki, a yi mutum biyu in ya yi nauyi, a riƙa juya wanda ke kwance kada gyambo ya fito masa. MSF ta miƙa shirin dalma ga gwamnatin Zamfara a 2022, bayan ta gwada jinin yara fiye da 8,000, a daidai lokacin da 'yan bindiga suka sa hanyar Bagega zuwa Anka ta zama abin tsoro, iyalai da dama kuma suka yi gudun hijira zuwa garin Anka da yaransu, masu lafiya da marasa lafiya.