Yadda Littafi Ya Riƙa Isa Hannun Mai Karatu a Kano

A da, mai neman littafi a Kano hanya biyu gare shi, kuma irin rubutun da yake karantawa ne ke zaɓa masa wadda zai bi. In na Larabci ko ajami ne, sai Kasuwar Kurmi, wadda ke cikin ganuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. In kuwa na boko ne, to sai ya fita ƙofa ya nufi Sabon Gari.

Wannan rabuwa tana da dalili. Turawan mulkin mallaka sun hana 'yan mishan yin aiki a cikin birni, su kuwa suna cikin waɗanda suka fara buɗe shagunan littattafan boko. Saboda haka kasuwar boko ta kafu a wajen ganuwa, nesa da yawancin masu jin Hausa. Ga shi kuma bugun ma a Zariya ake yi. Can aka shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Hukumar NORLA ta buga littattafai da dama, amma kai su ga mai saye ya yi mata wuya, aka rufe ta a 1959.

Daga shekarun 1980, da marubuta suka soma buga littattafan soyayya da kuɗinsu, dillalan sun sake taruwa a Kasuwar Sabon Gari. To amma su wa ke karantawa? Akasari mata ne, da yawansu matan aure da ba sa zuwa kasuwa. A nan ne nake ganin masu auna nisa da taswira ke yin kuskure. Shago yana iya zama tafiyar minti goma daga gida, amma ga matar da ke kulle, da shi da Legas duk ɗaya.

Abin da ya cike giɓin ba manyan shaguna ba ne. 'Yan ƙananan shagunan haya ne a cikin unguwanni, da yaran aike, da aro tsakanin maƙwabta. A ba yaro 'yan canji ya karɓo kashi na ɗaya, gobe ya mayar ya karɓo na biyu. Littafi guda sai ya zagaya gidaje har bangonsa ya cire.

Yanzu labaran sun koma WhatsApp da Wattpad, kuma ba a buƙatar ɗan aike. Sai dai wadda ba ta da babbar waya ko kuɗin data, ita ce ta fi kowa jin jiki duk lokacin da wani shagon haya ya rufe a unguwarsu.