Jinyar sojojin ƙawance a yaƙin Bama (1942–1945)

A fagen daga na Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, ciwo ya fi harsashin Japanawa kwantar da sojojin ƙawance. Janar William Slim, kwamandan Runduna ta 14 ta Birtaniya, ya rubuta cewa a 1943, idan an kwaso soja ɗaya mai rauni daga fagen daga, to an kwaso 120 saboda rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, sai atini, gyambon ƙafa, da wani mugun zazzaɓi da ƙananan ƙwarin ciyawa ke yaɗawa.

Cikin waɗanda suka sha wannan wuya akwai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, masu sojoji daga Najeriya, Ghana ta yau, Saliyo da Gambiya. Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya.

Tsibirin Java, inda akasarin kwinin ɗin duniya ke fitowa a wancan lokaci, ya faɗa hannun Japan a 1942, don haka aka koma ga ƙwayar mepakirin, ɗaya kowace rana. Sojoji ba su so ta ba: tana mai da fata rawaya, ga kuma jita-jitar cewa tana kashe ƙarfin namiji. Slim bai tsaya lallashi ba. Akan yi wa bataliya gwajin ba-zata, idan waɗanda suka sha ba su kai kashi 95 cikin ɗari ba, a tuɓe kwamandanta. Uku ya tuɓe, sauran suka shiga taitayinsu.

An kuma kafa asibitocin tanti dab da bakin daga. Mai zazzaɓi kan koma bakin aiki cikin mako uku, maimakon watannin da yakan ɓata idan an kai shi Indiya.

Fitar da mai rauni daga ƙungurmin daji shi ne babban aiki. A kwarin Kaladan a 1944, inda ta sama ake jefo wa runduna ta 81 abinci da magani, 'yan dako na rundunar kan ɗauko majinyaci har zuwa filin da aka share da adda, ƙaramin jirgi ya sauka ya tafi da shi.

Kusantar bakin daga na da nata haɗarin. A watan Fabrairun 1944, Japanawa sun auka wa asibitin runduna ta 7 ta Indiya a yankin Arakan, suka kashe likitoci da majinyata.